Kafin Mu Miƙa Wa Mama Ƙwayar Rage Ciwo



In akwai abin da ikilisiyoyinmu suka iya a garin nan, to ziyarar mara lafiya ce. Mu kaɗan ne, yawancinmu kuwa dangi suna nesa: wasu a Zuru da Yawuri, wasu a kudancin Kaduna, Filato da Binuwai, wasu ma can ƙetaren kogin Kwara. Saboda haka ranar da ciwo ya kwantar da mutum, ikilisiya ce uwa, ita ce uba. Kafin dangi su haɗa kuɗin mota, 'yan Zumunta sun riga sun share ɗaki, sun dama kunu, sun raba kwanan asibiti a tsakaninsu. Wannan abin godiya ne, ba ma so a rage kome daga cikinsa. Amma akwai abu guda da yake shiga ɗakin mara lafiya tare da kunun da addu'ar, wanda muke ganin lokaci ya yi da dattawa za su sa baki a kansa. Shi ne maganin da muke fitarwa daga jakunkunanmu.

Kwanakin baya mun je gaida wata uwa a cikinmu da aka cire wa nono saboda ciwon daji. Ta gama allurai masu zubar da gashi, ta gama gashin haske, an sallame ta da 'yar ƙwaya fara da za ta riƙa sha ɗaya kullum har shekara biyar. Mun same ta tana kukan ciwon baya da rashin barci, ga zufar dare da ke tashinta cikin zafin Sakkwato da kowa ya sani. Muna zaune wata 'yar'uwa ta buɗe jaka ta ce, "Mama, gwada wannan, shi na sha lokacin da bayana ya riƙe, cikin minti kaɗan na miƙe." Sai wata ma'aikaciyar jinya da ke tare da mu ta riƙe hannunta ta ce, "Yaya, dakata tukuna. Mama, don Allah a kawo mana duk abin da kike sha mu gani." Aka zazzage leda a kan tabarma. Akwai tiramadol iri biyu, ɗaya daga kemis ɗin unguwa, ɗaya ɗanta ya samo a tasha. Akwai maganin damuwa da wata ƙawar 'yarta ta bayar, akwai ƙwayar barci, akwai maganin tari, akwai gorar jiƙo. Likitanta bai san da ko ɗaya a cikinsu ba. Kwalin 'yar farar ƙwayar kuwa yana nan cike, gama ta daina sha kusan wata biyu. Ta ce ita take zargi da kawo mata ciwon, kuma kuɗin da ke hannu ya tafi wajen masu rage ciwon.

Ba wanda ya yi mugunta a wannan ɗaki. Kowa ƙauna ce ta kawo shi. Shi ya sa maganar take da nauyi.

Bari mu fara da ita farar ƙwayar. Sunanta tamoksifen. Ciwon dajin nono iri-iri ne, akwai wanda yake cin abincinsa daga sinadarin jikin mace da ake kira isturojin. Gwajin tsokar da aka cire ne yake nuna ko ciwon irin wannan ne. In shi ne, sai a ba mace tamoksifen, miligiram 20 kullum, domin ya toshe ƙofar da abincin yake shiga. Matan da suka daina al'ada kuma akan ba su anastirozol ko letirozol, waɗanda ake sayarwa da sunan Arimidex da Femara, su kuwa rage isturojin ɗin suke yi tun daga tushe. Matsalar waɗannan magunguna ita ce mace ba ta jin aikinsu. Ba kamar Panadol ba ne da za ka sha ciwon kai ya tafi. Abin da take ji shi ne wahalarsu: zafi mai taso wa fuska, zufar dare, ciwon gaɓoɓi. Amfanin yana ɓoye. Masu bincike na Jami'ar Okusfod a Ingila sun haɗa sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a 2011, suka ga shan tamoksifen shekara biyar yana rage mutuwa daga irin wannan ciwo da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15. A ƙasar da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mata fiye da 32,000 sun kamu da ciwon dajin nono cikin shekara guda, fiye da 16,000 kuma suka rasu, macen da ta kai matsayin shan wannan ƙwaya ta riga ta haye koguna da yawa. Bai kamata ta nutse a bakin gaɓa ba.

To ina ruwan tiramadol da wannan? A nan muna roƙon haƙurin masu karatu, gama sai mun shiga cikin hanta.

Tamoksifen yadda yake a kwali kamar gero ne da ba a niƙa ba. Sai ya je hanta, wani sinadari da masana suke kira CYP2D6 ya sarrafa shi, sa'an nan ya zama abin da ke da cikakken ƙarfin tsare ciwon. Mu ɗauki wannan sinadari kamar injin niƙa guda ɗaya a unguwa. Tiramadol ma a wannan injin yake bin layi kafin ya yi ƙarfin kashe zafi. Kodin haka, sai injin ya mai da shi mofin kafin ya yi aiki. Domin mu faɗi gaskiya yadda take: ba a tabbatar cewa tiramadol shi kaɗai yana kashe aikin tamoksifen ba, likita kuma yana iya rubuta su tare da saninsa. Haɗarin yana zuwa ne daga magani na uku, wanda yakan zo ya tsayar da injin gaba ɗaya. Manya a cikinsu su ne wasu magungunan damuwa, faroksetin da fuluwoksetin, waɗanda aka fi sani da Seroxat da Prozac. Irin ɗayansu muka gani a kan tabarmar Mama.

Idan injin ya tsaya, abu biyu suke faruwa lokaci guda. Na farko shiru ne: tamoksifen yana shiga ciki kullum amma ƙarfinsa a jini ya ragu, ba kuwa alamar da za ta nuna. A 2010 an buga wani bincike daga Ontariyo a Kanada kan mata 2,430, aka ga waɗanda suka daɗe suna haɗa faroksetin da tamoksifen sun fi mutuwa da ciwon. Wani binciken da ya biyo baya a Kalifoniya kan mata fiye da 16,000 bai ga ƙarin dawowar ciwon ba, saboda haka masana suna muhawara har yanzu. Amma tun da akwai wasu magungunan damuwa da ba su taɓa injin sosai, likitoci sukan zaɓi waɗannan, don ba wanda yake so ya yi caca da ran mutum. Abu na biyu ba shiru ba ne. Tiramadol ɗin da ba a niƙa ba ba ya kashe zafi yadda ya kamata, sai mace ta ce ƙwaya ɗaya ba ta yi mata, ta sha biyu. Shi kuwa yana taruwa a jini, haɗuwarsa da maganin damuwa tana iya kawo farfaɗiya, ko kuma rawar jiki, zufa, zazzaɓi, bugun zuciya da ruɗewar hankali. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: in muka shiga ɗaki muka ga uwa tana karkarwa tana sambatu, me za mu fara cewa? Wasu za su ce maleriya ce ta hau kai, wasu za su ce harin magabci ne a kira Fasto. Wa zai tuna da ledar da ke ƙarƙashin matashi?

Akwai wani maganin da ya shafe mu a nan ƙwarai, wato rifamfisin na tarin fuka. Shi ba ya tsayar da injin, sa hanta yake yi ta share magunguna daga jiki da gaggawa. A Holan a 2012 an fara gwada shi tare da tamoksifen, aka dakatar da gwajin tun bai yi nisa ba saboda yadda ƙarfin tamoksifen ya faɗi a jinin matan. Yana rage ƙarfin tiramadol da mofin ma. Ba muna cewa kowa ya daina maganin tarin fuka ba, Allah ya kiyaye. Muna cewa ne ana karɓar maganin tari a wani ɗaki, na ciwon daji a wani ɗaki, sau da yawa ma a asibiti dabam, in mara lafiya ba ta faɗa ba to likitocin biyu ba su san da juna ba.

Ga kuma abin da ya rushe hujjar nan ta "ni ya yi mini aiki". Injin nan ba ɗaya ba ne a jikin kowa, gado ne. A cikin baƙaƙen Afirka akwai masu yawa da injinsu yake tafiya a hankali. A Habasha kuwa an samu kusan mutum 3 cikin 10 da nasu yake gudu fiye da kima, irin waɗannan kodin kaɗan yana iya zame musu mofin mai yawa har numfashi ya yi rauni. Ƙwayar da ta miƙar da bayan Yaya tana iya zama ruwa kawai a jikin Mama, ko ta zama abin da ya fi ƙarfinta.

Duk da haka, a ganinmu, babban haɗarin ba a hanta yake ba. Yana cikin kwalin nan da muka samu cike. A 2017 masu bincike na Jami'ar Bajiniya a Amurka sun duba bayanan tsofaffin mata fiye da 10,000 masu ciwon dajin nono, suka ga waɗanda suke shan magungunan rage zafi dangin mofin sun fi barin maganinsu na isturojin. Binciken bai ce ƙwayar rage zafin ce ta jawo ba, amma hanyar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa jinya. Ciwo ya zo, an rufe shi da tiramadol, ba a faɗa wa likita ba, ciwon ya ci gaba, sai a fara neman wanda za a zarga, zargin kuwa ya faɗa kan ƙwayar da ba a ganin amfaninta. Kusan rabin matan da ke shan anastirozol ko letirozol suna fama da ciwon gaɓoɓi. Wannan sananne ne, yana kuma da mafita. Likita yana iya sauya mata daga wannan zuwa wancan, ko ya mai da ta kan tamoksifen, an kuma gwada an ga motsa jiki da tafiya a ƙafa a kai a kai suna rage ciwon. Amma likita ba zai sauya abin da ba a kai masa kukansa ba.

Sa'an nan ba kowane ciwo ne ya kamata a rufe wa baki ba. Ciwon dajin nono in zai dawo yana son ƙashi, musamman ƙashin baya da na ƙugu. Sabon ciwon baya da yake tsananta da dare, wanda ba ya sauƙi ko an kwanta, saƙo ne da ya kamata ya kai asibiti. In ya haɗu da sanyin ƙafafu, ko jin kamar ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba ba da sani ba, wannan ba na jiran ranar ganin likita ba ne, na ranar ne, gama jinkirin kwana biyu yana iya zama bambanci tsakanin tafiya da ƙafa da zaman keke. Haka kumburin sha-raɓa ɗaya mai zafi, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, domin tamoksifen yakan sa jini ya daskare a jijiya. Haka zubar jini ga macen da ta riga ta daina al'ada. Duk ƙwayar da muka miƙa don Mama ta sami barci, muna iya kashe ƙararrawar da za ta cece ta. Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin garin nan, da sashen ciwon daji, inda mutane suke zuwa daga Kabi, Zamfara har da Jamhuriyar Nijar. Mu da muke iya isa da Keke Napep ba mu da hujjar da ta wuce tasu.

Yanzu bari mu juya, domin kuskurenmu yana da fuska ta biyu. A watan Afrilu na 2018 BBC ta nuna fim kan yadda maganin tari mai kodin yake lalata matasa a Nijeriya, washegari gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi. Binciken ƙasa kan shan ƙwaya da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan magunguna ba da izinin likita ba. Fastocinmu sun yi wa'azi a kai, sun kuwa yi daidai, gama mun ga abin da ya yi wa 'ya'yanmu. NAFDAC ta amince da tiramadol na miligiram 50 da 100 kawai, amma na tasha yakan kai 225. Iyakar abin da likita yake yarda babba ya sha a yini shi ne 400, ke nan ƙwaya biyu na tasha sun riga sun tsallake iyaka, ko da a ce abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Sai dai uwa mai ciwon daji tana zaune a benci tana jin wa'azin nan. Ta koma gida ta ƙara ɓoye ledarta. Ranar da likita ya ce lokacin mofin ya yi, sai iyali su ce a'a, ba za a mai da Mama 'yar ƙwaya ba, ko kuwa su ce ai mofin na masu bakin mutuwa ne. Daga nan a koma kemis a ɓoye.

Abin mamaki shi ne, a wannan magana da muke yi, mofin ya fi tiramadol tsabta. Ba ya bin layin injin nan ko kaɗan, ba ya takara da tamoksifen, ana auna shi daidai da ciwon mutum a ƙara ko a rage. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matakin ƙarshe na tsanin magance zafin ciwon daji, a 2012 kuma Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta shigo da garinsa domin a riƙa haɗa na sha a manyan asibitoci. Yana da nasa sharuɗɗa. Yana ɗaure ciki, don haka ana haɗa shi da mai sassauta ciki. Ba a haɗa shi da ƙwayar barci irin Valium ko giya, gama tare suna iya tsayar da numfashi. Allurar fentazosin, wadda aka sani da Fortwin, da wasu ma'aikatan jinya a cikinmu suke yi wa mutane a gida don taimako, in aka yi wa mai shan mofin tana iya warware aikinsa ciwon ya dawo da ƙarfi. Ana kuma kulle shi, musamman a gidan da akwai samari. Waɗannan dokoki ne na kiyayewa, ba dalilin barin uwa ta kwana tana cizon zane ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce mai kemis yana kusa, ya san mu, yana ba da bashi, asibiti kuwa layi ne tun asuba, da kuɗin kati, da likitan da ba ya da minti biyar. Gaskiya ne. Mun tsaya a layin, mun sani. Ba kuma muna zargin 'yar'uwar da ta buɗe jakarta ba, ita abin da take da shi ta bayar. Amma in matsalar kuɗi ce da layi, to a nan ne ikilisiya take da ƙarfi. Kuɗin da muke tarawa don marasa lafiya, maimakon a miƙa a ambulan ya ƙare a kemis, a sayi tamoksifen na wata uku da takardar likita a ajiye mata, a inuwa, ba a kan taga ko saman firiji ba, don zafinmu yana lalata magani. A biya kuɗin mota ranar ganin likita. A samu mai raka ta wanda zai iya karanta kwali, ya riƙe ledar duka, har da jiƙon da maganin tarin, ya zazzage a gaban likita ko mai haɗa magani na asibiti. Kusan kowace ikilisiya a garin nan tana da ma'aikaciyar jinya ko mai haɗa magani. A ba su ɗaki da kujera biyu Lahadi ɗaya a wata bayan sujada, duk mai shan magani na dogon lokaci ya kawo ledarsa a rubuta masa sunayen a takarda guda. Abin da aka gani a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kada ya fito a matsayin roƙon addu'a a taron Zumunta. Wannan sharaɗin shi ne zai sa mata su zo ko su ƙi.

Ga iyayenmu fastoci muna da roƙo biyu, cikin ladabi. In za a yi wa'azi kan shan ƙwaya, a ƙara magana guda don uwar da ke benci, cewa wanda likita ya rubuta wa maganin zafi ba ya cikin masu laifi. In kuma mace ta tashi ba da shaida ta ce Ubangiji ya warkar da ita ta zubar da magungunanta, kada a bar tafi ya rufe maganar. A yi godiya tare da ita, amma dattijo ya bi ta bayan sujada ya tambaya ko likitanta ya sani. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Batun azumi ma haka: tamoksifen sau ɗaya ake sha a yini, da abinci ko babu, ana iya mai da shi lokacin buɗa baki. Azumin farkon shekara ko na kwana arba'in ba dalilin tsallake ko ƙwaya ɗaya ba ne. Mai shan mofin a kan sa'o'i kuwa ta yi shawara da likita kafin ta ɗauki azumi.

Uwar da muka ba da labarinta ta koma asibiti da ledarta. An mai da ita kan tamoksifen, ana janye mata maganin damuwar a hankali domin ba a yanke shi lokaci guda, an karɓe tiramadol na tasha, an kuma aike ta ɗaukar hoton ƙashin baya. Wata biyun da suka wuce ba wanda zai dawo mata da su. Sakamakon hoton bai fito ba tukuna. Ɗanta yana aiki ranar da aka ba ta, don haka ana neman 'yar'uwa ɗaya da za ta iya fita tun ƙarfe shida na safe ta zauna da ita har a kira sunanta. Mai iyawa ta sanar da shugabar Zumunta ta ikilisiyarta.